Ladubban Zango: Gadon Fataken Keffi Ga Masu Kwanan Daji

 

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta kunno kai a tsakanin samarin Abuja da kewayenta, har ta fara tsallakowa nan Keffi, ita ce a haɗu ranar hutu, kowa ya goya jakarsa, a bar kwalta a kama 'yar hanyar ƙafa, a hau dutse a gangara kwari, idan rana ta karkata a kafa tanti a kwana a daji, kashegari a juyo gida da ƙura a ƙafa da hotuna cikin waya. Dattawa da yawa suna kallon abin a matsayin shashanci da kwaikwayon Turawa, suna cewa wanda Allah ya ba ɗaki da katifa ya tafi ya kwanta kan fa, ai ƙoshi ne ke damunsa. Su kuwa samarin, da yawansu sun ɗauka daji fili ne da ba shi da mai shi, inda mutum zai shiga ba sallama ya fita ba ban-kwana. To, ni a ganina kowane ɓangare ya yi tuya ya manta da albasa, domin tafiyar ƙasa da kwanan daji tsohuwar sana'ar kakanninmu ce, wadda take da ƙa'idoji da sharuɗɗa, kuma tushen ƙa'idojin nan duka guda ne, watau matafiyi ya san cewa baƙo ne shi a duk inda ya sa ƙafa.

Duk wanda ya san tarihin garin nan ba zai yi mamakin wannan magana ba. Tun da Abdu Zanga, Bafulatanin ƙasar Katsina, ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19 a ƙarƙashin Zazzau, garin ya zama babban masauki a kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi Zariya, ta gangaro nan, ta wuce Nasarawa, ta dangana da Loko a bakin Binuwai, inda kayan tudu suke gamuwa da kayan ruwa. Ta wannan hanya kanwa da tufafin Kano da dawakai suke yin kudu, haurin giwa da hajar Turawa suke canza hannu, gishirin Keana da na Awe yake ratsa kasuwanni. Kuma gaskiya ba ta bari a ɓoye cewa ta nan aka kora bayin Allah da yawa cikin ƙangin bauta, waɗanda su tafiyar ba da son ransu suka yi ta ba. Baƙi daga nesa ma sun bi ta. Bajamushen nan Gerhard Rohlfs, wanda ya ratso Sahara ya sauka Kukawa, ya yada zango a Keffi a 1867 kafin ya nufi Binuwai. A 1885 Paul Staudinger da abokin tafiyarsa Hartert suka taso daga Loko suka biyo ta nan a kan hanyarsu ta zuwa Zariya da Kano da Sakkwato, haka kuma Charles Robinson, mai ƙamusun Hausa, a 1894. Hatta Magajin Keffi Ɗan Yamusa, bayan kisan Baturen mulki Kyaftin Moloney a watan Oktoba na 1902, hanyar arewa ya kama har Kano. Ke nan ƙasar da samarinmu suke takawa a yau don nishaɗi, dubban ƙafafu sun riga su taka ta don neman abinci, ko neman ilimi, ko neman tsira.

Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne yadda waɗannan mutane suka tsara tafiyarsu, alhali ba su da taswira, ba su da waya, ba su da tocila. Ayarin fatake ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu, wanda shi ne uban tafiya, a bakinsa ake jin ranar tashi da wurin sauka, shi ne kuma yake shiga gaban sarakunan hanya ya daidaita abin da za a biya na gaisuwa da na fito. Akwai jagaba, wanda yake gaba yana duba hanya da mashaya da alamun 'yan fashi. Akwai uban dawaki a cikin manyan mataimakan madugu, akwai kuma malamin ayari, mai limanci da rubutu da duba ranar da ta dace a tashi. Sukan ɗaura kaya tun da jijjifi, su ci tafiyarsu da sanyin safiya, kafin rana ta take tsaka sun isa zango sun sauke, domin dabbobi su yi kiwo, mata su ɗora tukunya, maza su saro itace su gyara bukkoki, a kuma kewaye wurin da ƙaya idan ana tsoron kura ko ɓarawo. Shi kuwa zango, ba inda gajiya ta kama mutum yake yada shi ba. Sanannen wuri ne kusa da ruwa, a bayan gari, wanda mutanen garin suka yarda baƙi su sauka, su kuma suna fitowa da fura da tuwo da ciyawa suna sayarwa. Haka aka yi ta zuwa Gwanja ana ɗauko goro, tafiyar watanni, kuma mafi yawa suna komowa gida lafiya.

Wannan tsari bai saɓa wa abin da malamanmu suke karantarwa a babin ladubban safara ba. Ya tabbata a hadisi cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, an kuma tsoratar da tafiyar dare ga mutum shi kaɗai. An yi hani ga sauka a kan turba da dare, saboda ita ce mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. An yi hani ga ɓata inuwar da mutane ke hutawa, da hanyar da suke bi, da mashayar da suke ɗiba. An yi umarni da kashe wuta kafin a kwanta. Wanda ya jera waɗannan a gefe guda, ya jera nasihohin da masu koyar da kwanan daji na ƙasashen Turai da Amurka suke rubutawa a ɗaya gefen, zai tarar kusan abu ɗaya ake faɗa, sai dai mu namu ya zo da lada a kai.

To, yanzu bari mu sauko kan saurayin yau, wanda ya ƙudura niyyar fita. Allah ya albarkaci jihar Nasarawa da wuraren da ido ke sha'awa. A cikin gari ga Dutsen Maloney, wanda mai koyo zai iya hawa da safe ya sauko kafin azahar, ya gwada ƙarfin gwiwarsa. A gabas ga duwatsun Eggon da na ƙasar Mada, ga kuma Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba, inda ruwa yake zubowa daga bisa tsauni kimanin mita 150. A kudu ga tsohuwar hanyar Laminga da Nasarawa, a arewa ga ta Gitata da Panda. Lokacin da ya fi dacewa kuwa shi ne daga ɗaukewar ruwa a watan Nuwamba zuwa ƙarshen hunturu a watan Fabrairu, domin da damina ciyawa takan rufe mutum, rafin da aka tsallake da safe yakan cika ya batse kafin la'asar, da bazara kuma zafin Maris da Afrilu yakan kayar da ƙato.

Amma kafin jaka, kafin takalmi, sharaɗi na farko shi ne izini. Babu wani dutse ko kurmi ko fadama a ƙasar nan da ba a ƙarƙashin wani dagaci yake ba. Wannan gonar Bagwandare ce, wancan saurar Bayeskwa ce da ya bari ta huta, can burtalin Fulani ne, wancan kurmin kuma da kake gani kamar ba kowa, wataƙila maƙabartar kakannin mutanen Afo ce ko wurin al'adar Eggon, wanda ko ɗan garin ba ya shiga sai da dalili. Saboda haka madugun samari ya fara da ƙofar mai gari. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne daga Keffi, mun zo ganin dutsen nan naku, muna neman izinin mu kwana gindinsa, gobe da hantsi mu wuce." Dattijon zai dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi unguwarsu da sunan iyayensu, sa'an nan ya ce, "To, samari, kun kyauta da kuka biyo ta nan. Kada ku bi ta yamma, akwai ramukan masu haƙar ma'adinai da ciyawa ta rufe. Ruwan rafin ƙasa kuma kada ku sha, shanu ke shiga. Ga yaro zai kai ku." Wannan 'yar magana ta minti kaɗan ta fi duk abin da ke cikin waya amfani, domin taswirar intanet ba ta san ramin da aka haƙa bara ba, ba ta san gonar da ake rigima a kanta ba. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa. Kuma idan an ba ku ɗan rakiya, maharbi ne ko ɗan banga, a sallame shi da abin kirki, kada a mai da shi ɗan dako.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma ɓoye ta cin amanar mai saurare ne. Dazuzzukanmu a yau ba su da amincin da suke da shi a da. Satar mutane don kuɗin fansa da rikicin manoma da makiyaya sun taɓa sassa da dama na wannan yanki. Gungun baƙin samari da jakunkuna da fitilu a gindin dutse da tsakar dare, waɗanda ba wanda ya san da zuwansu, suna iya faɗawa hannun miyagu, suna kuma iya firgita mutanen ƙauye har a ɗauke su su ne miyagun. Don haka a sanar da 'yan sanda na yankin, a bar wa na gida sunan ƙauyen da lokacin komowa, kada a yi shelar wurin kwana a Facebook sai bayan an dawo. Idan kuwa mai gari ya ce kwanakin nan dajin ba lafiya, to, magana ta ƙare. A kwana a makarantar firamare ta garin ko a zauren da ya bayar, a hau dutsen da rana. Fatake ma sukan yi kwanaki a zango suna jiran labarin hanya, kuma ba wanda ya kira su matsorata.

Sai guzuri. Ƙa'idarsa ita ce duk abin da ka ɗauka, kai za ka goya shi, kuma abin da yake kamar ba nauyi a ƙofar gida yakan zama dutse bayan tafiyar awa uku. Ruwa ne kan gaba, kamar lita 3 ko 4 ga kowane mutum a yini, tare da 'yar tukunyar da za a tafasa na rafi, domin ko da yake an tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya tun 2013, zawo da taifot da tsargiya suna nan daram. Abinci kuwa, kakanninmu sun riga sun gama mana wannan bincike: kilishi, da dakuwa, da ƙuli-ƙuli, da garin kwaki, da dabino, duk ba sa lalacewa, ba su da nauyi, suna kuma riƙe ciki. A haɗa da ganyen shayi da sukari, da ƙullin gishiri da sukari na maganin zawo, da ashana a ɗaure cikin leda, da adda, da igiya, da tocila, da gidan sauro, da bargo, gama sanyin asubar hunturu a kan dutse ba ya jin roƙo. Takalmi ya zama sau-ciki wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi a doguwar tafiya, kafin azahar ya sale dunduniya. Tafiyar kuma a yi ta da takun mafi rauni a cikin ayari, jagaba a gaba, wani mai ƙarfi a baya, kada a bar kowa ya ɓace wa ido.

Wurin sauka a zaɓe shi tun da sauran rana, kamar bayan la'asar, domin wanda ya kafa tanti cikin duhu bai san a kan me ya kafa ba. A nemi tudu mai shimfiɗa, kusa da ruwa amma ba a bakinsa ba, saboda sauro da dabbobin da ke zuwa sha da dare. A nisanci burtali, a nisanci suri da tsibin duwatsu da kogon itace, gama nan macizai suke fakewa. A ɗaga kai a dubi bisa, ko akwai busasshen reshe ko amyar zuma. A share ganye har ƙasa ta fito, a jera duwatsu uku, a hura 'yar wuta daidai tukunya da busassun ƙirare da aka tsinto, ba tare da an sari ɗorawa ko kaɗanyar mutane ba, domin waɗannan itatuwa su ne daddawa da man da wata uwa take jira. Nan ne daɗin abin yake. Wani ya tura doya cikin garwashi, yana juya ta da tsinke har bayanta ya yi baƙi ƙirin, a kankare da wuƙa, a ɓare ta tana tururi, a dangwala da manja da yaji, a bi da shayi mai ƙaurin hayaƙi. Mutumin da a gida sai an yi masa lallashi yake cin abinci, a nan sai ka ga yana lasar yatsa. Can sama kuma, idan hazo ya yi sauƙi, ga Kaza da 'Ya'yanta sun taso, waɗanda fitilun gari suka hana yaranmu sani.

Salla ba ta faɗuwa don an shiga daji. Alƙibla a ƙasarmu gabas take, a ɗan karkata arewa, kuma mai hankali yakan lura da mafaɗar rana tun da magariba ya sa alama. Idan ruwan da ya rage na sha ne kurum, shari'a ta yi sauƙi, a yi taimama, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya dutse ma ya isa. Amma kada ɗalibi ya yi gaggawar yin ƙasaru don ya ga kansa da jaka a baya: mai Risala ya ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, wanda ya fita Keffi da ƙafa ya kwana bayan Laminga kuwa bai kusa kai wannan ba, balle ma fuƙaha'u sun yi magana a kan wanda tafiyarsa ta wasa ce zalla. Sai ya cika sallarsa, ya gyara niyyarsa ta zama ta tafakkuri cikin halittar Ubangiji da neman lafiyar jiki.

Da dare a raba tsaro, biyu-biyu, har gari ya waye. Wanda zai zaga ya haska gabansa, ya sa takalmi, ya yi nesa da ruwa, ya tona rami ya rufe. Da safe kowa ya kife takalminsa ya bubbuga kafin ya zura ƙafa, domin kunama tana son ɗumin ciki. In kuwa ƙaddara ta faɗa, kububuwa ko kasa ko gamsheƙa ta sari wani, to, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, kada a ɓata lokaci wajen neman saiwa. A kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda babur zai iya isowa, a nufi babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Keffi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa ne, har mutum ya ga kamar ya warke alhali ɓarnar tana ciki, kuma allurar kashe dafi ce maganinsa.

Sa'an nan tashi, wanda a nan ake gane ɗan halas. A zuba wa wuta ruwa, a tona tokar a sake zubawa, har mutum ya iya sa tafin hannu bai ji ɗumi ba, gama garwashi ɗaya da iskar hunturu ya isa ya cinye tarin dawa da rumbun doyar da talaka ya yi shekara yana wahala a kai. A tsince leda da gwangwani da gorar roba a komo da su gari, domin saniyar da ta haɗiyi leda ramewa take yi har ta mutu, mai ita kuwa ba zai manta da waɗanda suka kwana a wurin ba. Kada a rubuta suna da fenti a jikin dutse. A biya ta ƙofar mai gari a yi godiya da ban-kwana, domin ya san an fita lafiya, domin kuma waɗanda za su zo bayanku su tarar da fuska a sake.

Idan an kiyaye waɗannan, fa'idar da ke ciki ba kaɗan ba ce. Yaron da aka haifa a Keffi, wanda ya san kowace kwana ta hanyar Abuja daga tagar mota, amma bai taɓa kwana a ƙauyen Gwandara ko na Yeskwa ba, bai taɓa shan nono a ruga ya ji abin da ke damun makiyayi daga bakinsa ba, gobe shi ne zai zama kansila ko alƙali ko malamin gona a kan mutanen da bai sani ba. Wanda kuwa ya taka da ƙafarsa, ya ji ƙishirwa ya roƙi ruwa a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba aka ba shi, da wuya wani ɗan siyasa ya zo daga baya ya gaya masa cewa mutanen nan abokan gabansa ne.

Saboda haka ina kira ga malaman tarihi da na labarin ƙasa a Jami'ar Jihar Nasarawa, da makarantu irin Kwalejin Gwamnati ta Keffi, da majalisar Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa na Uku, da su haɗa hannu a bi tsofaffin ƙauyukan da ke kan hanyar Loko da ta Zariya, a tambaye su inda zangunan fatake suke, da mashayarsu, da sunayensu, a rubuta tun masu sanin suna da rai. In an yi haka, sai a fitar da hanya ɗaya ko biyu da hukuma ta amince da amincinsu, a horar da samarin ƙauyukan su zama jagabai da ladansu, ɗalibai su riƙa fita ƙarƙashin malamansu. Iyaye kuma, maimakon hani kurum, su tambayi ɗansu abu uku: wa ye madugunku, wane mai gari ya ba ku izini, yaushe za ku komo? In ya amsa su duka, a sa masa albarka ya tafi. In ya kasa ko ɗaya, ya zauna gida tukuna.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa, ya maido da aminci a dazuzzukanmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.